Shekarar da Tafkin Ɗorawa Ya Ƙafe

Malam Mika'ilu ya gaji tun kafin ya iso bakin ruwan. A da, daga gidansa da ke Tudun Wada zuwa fadama ba wata tafiya ba ce, amma yanzu sai ya ratsa layuka uku na sababbin gidaje, ya tsallake kwata mai wari, sannan ya turo kekensa ta tsakanin garake, don gwiwarsa ta daina yarda da gangare. Shekarunsa sittin da bakwai. Ashirin da biyu daga ciki ya yi su yana riƙe da sarautar Sarkin Ruwan tafkin Ɗorawa, wadda ya gada daga mahaifinsa. Sarauta ce da ba rawani, ba albashi, sai yawan magana da mutane.

Kowace damina kogin Kubanni kan cika ya malalo cikin fadamar, ya bar ruwa da kifi a wannan kwari. Da zarar ruwan sama ya ɗauke, Sarkin Ruwa kan rufe tafkin. Ba mai jefa birgi, ba mai kafa gura, ba mai saka ƙugiya, sai bazara ta yi nisa kifi ya ƙosa. Daga nan a sa rana, a yi shela, kowa ya zo da komarsa a yi su tare. A tsakiyar tafkin akwai wani gurbi mai zurfi da ba a taɓawa ko a ranar su, don a nan ƙananan kifaye ke fakewa har ruwa ya dawo ya haɗa su da kogi. Su ne irin baɗi.

Wannan shekarar kuwa, tun watan Fabrairu bai ƙare ba ruwan ya ja baya kamar ana tsakiyar Afrilu. Mika'ilu ya jingine keken a gindin ɗorawar da tafkin ya ci sunanta, ya tsaya yana kallon taɓon da ya tsattsage a inda makon jiya ruwa ke kai wa mutum cinya. Ta ko'ina ƙarar injin ban ruwa ce ke tashi. Ya bi tiyon da ya fi kusa da shi har ya iske mai shi a tsugunne yana buɗe wa ruwa hanya tsakanin kunyoyin tumatir.

Lawal ne, ɗan wani amininsa marigayi da suka yi shekara talatin suna su tare. Mutum ne mai shekara arba'in da iyali. Da ya ga Mika'ilu sai ya ajiye fartanya ya durƙusa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Lawal. Ya aiki? Ka ga ruwan nan kuwa?"

"Na gani, Baba."

"Ka gani, kuma injin na ci."

Lawal ya share gumi da bayan hannu. "Baba, tumatirin nan yanzu yake fure. In na hana shi ruwa kwana biyu, shi ke nan, ranin bana ya tashi a banza. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Inji bakwai ne a kewayen nan."

"Ka ja daga kogi mana."

"Tiyona ba zai kai ba. Ko ya kai, sai na ratsa gonakin mutum uku, kuma ba mai yarda." Ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa. "Allah ya huci zuciyarka, Baba, kifin tafkin nan rana ɗaya ake cinsa a shekara. Garkar nan ita ke riƙe gidanmu wata biyar, har da Inna."

Dokar da Mika'ilu ya gada ta hana kama kifi ne, ba ta ce komai a kan ɗiban ruwa ba, don lokacin da aka kafa ta da jigo da ƙwarya ake ban ruwa, kuma ba jigon da ya taɓa shanye tafki. Ya riga ya je wurin mai unguwa sau biyu, ya ce zai tara manoman, har yau bai tara ba. Ya je wani ofishi da aka ce a nan ake kula da harkar kifi, ya zauna a benci daga hantsi har azahar, aka ce mai maganar ya yi tafiya. Ya yi wa Lawal sallama, ya koma ya ɗauki kekensa.

Washegari bayan la'asar ya tara masunta a gindin ɗorawar. A zamanin mahaifinsa sun fi arba'in. Yanzu mutum tara ne suka zo, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke cin abinci da kamun kifi kaɗai. Wannan yana tuƙa keke mai ƙafa uku, wancan yana facin taya a bakin titi. Sabo, wanda ya fi kowa daɗewa a ruwa bayan Mika'ilu, gadi yake yi a wata makaranta a Gyallesu, kuma da rigar gadin ya zo.

Sabo ne ya fara magana. "Sarki, mu daina jan rai. Ka buɗe ruwan nan Asabar mai zuwa. In muka jira Afrilu kamar kullum, shamuwa da balbela ne za su yi mana sun."

"Kifin bai ƙosa ba," in ji Mika'ilu. "Gargazar ba ta wuce yatsa uku ba."

"Ai yatsa uku ya fi wari. Ka shaƙi iskar nan ka ji, wasu sun fara mutuwa."

Wani daga gefe ya ce, "Da ɗan wani ne ya fara kawo inji wurin nan, da tuni an ji muryar Sarki. Amma da yake Lawal ne..."

Mika'ilu ya dube shi. Ya so ya ce Lawal ne na huɗu da ya kawo inji, ba na farko ba, amma ya ga ko ya faɗa ba ruwan da zai dawo. Sai ya ce, "Na yarda, a buɗe Asabar. Amma gurbin nan ba zai kai damina ba. Ba a taɓa yi ba, amma bana zai ƙafe. Abin da na gani shi ne, ranar su duk kifin da bai kai tafin hannu ba a ware shi, mu zuba a bokiti da ruwa, mu kai kogi, can ƙasan gada inda akwai zurfi. In Allah ya kawo ambaliya, su dawo mana da kansu."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

"Sarki," in ji Sabo, "daga nan zuwa ƙasan gada tafiyar minti ashirin ce, da kaya a ka, a cikin ranar nan. Kai ka san shekarunka, ni ma na san nawa. Kuma in mun zuba, wa ya ce na can ba za su kwashe da gidan sauro ba kafin magariba?"

"Ba wanda ya ce."

"To?"

"To shi ne abin da na gani. Wanda zai iya, ya taimaka."

Aka yi fatiha aka watse. Ba wanda ya ce zai yi, ba wanda ya ce ba zai yi ba.

A hanyarsa ta gida ya bi ta bakin kasuwar Tudun Wada, inda Ishatu, mahaifiyar Lawal, ke suyar kifi. Tun tana amarya take wannan sana'ar, lokacin da mijinta ke kawo mata tarwaɗa da kurungu daga fadama da ransu. Yanzu kifin ƙanƙara take soyawa, wanda ake kawowa a kwali daga nesa. Ta jawo masa benci, suka gaisa, ta tambayi Rauda matarsa da ciwon ƙafarta.

"Na san abin da ya kawo ka, Malam," ta ce tana juya kifi a kasko. "Yaron nan jiya bai ci tuwo ba. Ya ce ya faɗa maka maganar da bai kamata ba."

"Gaskiya ya faɗa."

"Ni dai ba zan ce masa ya kashe inji ba. In na ce, zai kashe, mu kuma mu zauna muna kallon juna. Da ubansa na nan ma, ban san abin da zai ce ba. Shi ma kafin ya rasu ai ya fara cewa ruwan nan ba ya riƙe mutum."

"Ban zo don ki hana shi ba, Ishatu. Ban ma san don me na zo ba. Ƙafa ce ta kawo ni."

Ya ba ta labarin yadda suka yi a gindin ɗorawa, da maganar bokitai. Ta saurara, da ya tashi tafiya ta ƙunsa masa kifi biyu a takarda ta ce ya kai wa Rauda. Ya ƙi, ta tura cikin kwandon kekensa.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla aka yi shela a masallacin unguwa cewa gobe za a buɗe tafkin Ɗorawa. A gida Rauda ta wanke masa bokitan fenti guda huɗu da take tara ruwa a ciki. Tana wankewa tana mita.

"Malam, wai kai kaɗai aka ɗora wa kifin duniya? Likita ya ce ka daina ɗaukar nauyi."

"Ba nauyi ba ne, ruwa ne."

"Ruwan ba nauyi gare shi ba? To in ka faɗi a hanya, kar a zo a kira ni, don ni ma ƙafar ba ta kai ni."

Duk da haka ita ce ta nemo masa tsohon buhu, ta yanka shi huɗu, ta ce ya jiƙa ya rufe bakin bokitan don kada rana ta dafa su.

Da hantsin Asabar mutane suka cika bakin tafkin. Sun fi ɗari, amma masu koma ba su kai ashirin ba. Sauran sun zo ne da kwanduna da tsofaffin gidajen sauro da buhuna, yawancinsu mutanen sababbin gidajen ne da Mika'ilu bai san ko sunansu ba. Ya tsaya a kan tudu ya ɗaga murya ya faɗi doka kamar yadda mahaifinsa ke faɗa: ba mai shiga sai an yi addu'a, ba gidan sauro, ba mai taɓa gurbi, ƙaramin kifi a kawo shi nan gindin bishiya. Muryarsa ba ta kai rabin taron ba. Kafin a shafa fatiha na can ƙarshen sun riga sun faɗa ruwa.

Ruwan bai wuce gwiwa ba, sai a gurbin da yake kai wa ƙugu. Cikin ɗan lokaci ya zama kunu. Kifi ya rasa iska, ya riƙa ɗago baki sama, mutane na kwasa da hannu. Aka kama tarwaɗa 'yan kaɗan masu ɗan auki, sauran duk gargaza ce ƙanana. Mika'ilu ya ga mutum biyu suna jan gidan sauro ta tsakiyar gurbin. Ya kutsa cikin taɓo ya nufe su yana kira. Ɗaya ya juyo ya ce, "Baba, ruwan na gwamnati ne ko naka?" suka ci gaba da ja. Ya tsaya a nan, taɓo ya riƙe masa ƙafa, sai da Sabo ya zo ya kama hannunsa ya fitar da shi.

"Ƙyale su, Sarki. Zo ka ga bokitanka."

A gindin ɗorawa bokitan huɗu sun cika da 'yan kifaye, har an ƙara wata roba. Masuntan tara ba su yi masa alkawari ba, amma kowannensu in ya ɗaga koma sai ya tsince ƙananan ya kawo. Ɗauka zuwa kogi ne ba wanda ya motsa. Kowa na tsoron in ya bar ruwa minti arba'in, ya dawo ya tarar ba saura.

Mika'ilu ya rataya bokiti biyu a kan keken, ya tura. Hanyar ta bi ta tsakanin garake, ga kunyoyi, ga ramuka. Ruwa na fallatsa yana jiƙa masa wando. Sau uku yana tsayawa ya huta. Da ya isa ƙasan gada ya buɗe buhun, kusan rabin sun mutu sun juya ciki sama. Ya tsince matattun ya zubar a yashi, ya karkata bokitin a hankali cikin kogin. Ruwan kogin ma ba wani abin kirki ba ne, baƙi-baƙi, da ledoji maƙale a jikin ciyawa. Masu ran suka ɗan tsaya cik kamar ba su gane ba, sannan suka nutse.

Yana dawowa, tun daga nesa ya hango amalanke a gindin bishiyar, da babban durom shuɗi a kai. Lawal ne. Ya zare tiyonsa daga tafkin ya kai shi wata 'yar rijiya da ke garkar maƙwabcinsa, ya cika durom ɗin da ruwa mai sanyi, yana juye kifayen ciki.

"Inna ta ce in zo," ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba. "Ruwan taɓon nan ne ke kashe su, Baba, ba nisan ba. Zauna ka huta, ni zan kai."

Mika'ilu bai zauna ba. Lawal na ja daga gaba, shi yana turawa daga baya. Sun yi sawu uku a haka. A na biyu Sabo ya bar komarsa ya bi su, yana ta faɗa a hanya cewa wahalar banza ce, amma bai saki amalanken ba. A cikin durom kifayen sun fi jurewa, matattun ba su da yawa. A sawu na uku, wajen hawa wani ɗan tudu, Mika'ilu ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙugu. Bai yi ƙara ba, sai ya zame ya zauna a kan kunya, ya kasa tashi. Su biyun suka ƙarasa kogi suka juye, suka dawo suka ɗora shi a kan amalanken da babu komai a ciki sai durom, suka tura shi har bakin titi.

Kafin azahar an gama sun. A al'ada akan tara wani kaso a raba wa tsofaffi da matan da mazansu masunta suka rasu. Bana abin da aka tara bai cika kwando ɗaya ba. Sabo ya raba shi gida biyar, ya kai wa Ishatu nata da kansa, ya kawo na Sarkin Ruwa a leda: tarwaɗa ɗaya da gargaza shida. Rauda ta karɓa ta yi godiya, ta yi masa farfesu da yaji da yawa. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta dafa ruwan zafi ta gasa masa bayan, tana yi tana jan tsaki.

Kwana goma sha biyu ya yi a kwance. Lawal ya zo duba shi sau biyu, ya kawo tumatir a roba, suka yi hirar komai ban da ruwa. Sabo ya zo ranar da ba ya aiki, ya zauna a bakin ƙofa ya ce gurbin ya ƙafe tun ranar Laraba, injinan sun koma haƙa rijiyoyi a cikin fadama.

"Na yi tunani, Sabo," in ji Mika'ilu yana kallon rufin ɗaki. "In Allah ya kai mu kaka, ka karɓi sarautar nan. Ni na gaji."

Sabo ya yi dariya marar daɗi. "In karɓi me, Sarki? Ni da nake kwana a bakin ƙofar makaranta? Ka ba 'ya'yanka."

"Babban yana Kaduna, ko iyo bai iya ba. Ƙaramin ya ce warin kifi na sa shi amai."

"To ka riƙe kayanka tukuna. In damina ta yi kyau, wa ya sani."

Ranar da ya fara iya takawa da sanda, ya hau keke mai ƙafa uku zuwa ƙarshen layi, ya ƙarasa fadamar a ƙasa. Inda tafkin yake yanzu fili ne na busasshen taɓo, ya tsattsage kamar tsohuwar tukunya, da sawun ƙafafun mutane a daskare a ciki. A gefe wasu mutum uku sun ajiye shebur da abin buga bulo, suna jira a inuwar ɗorawa. Babbansu ya taso ya gaishe shi da ladabi, ya ce sunansa Mubarak, daga Dutsen Abba suke.

"Baba, an ce kai ne mai wurin nan. Ƙasa muke so mu ɗiba mu buga bulo, kafin ruwa ya sauka. Yumɓun nan mai kyau ne. Muka ce ba ma taɓawa sai mun nemi izini."

Mika'ilu ya daɗe yana kallon filin. Ya yi tunanin in suka haƙa, ramin zai ƙara zurfi, wataƙila baɗi ya riƙe ruwa fiye da bana. Wataƙila kuma su ɓata bakin da kogi ke shigowa ta nan. Bai sani ba, kuma ba wanda zai tambaya.

"Ni ruwa aka ba ni in kula da shi," ya ce. "Maganar ƙasa sai ku ga mai unguwa. In ya yarda, ku haƙa ta tsakiya, kada ku taɓa gefen nan na gabas."

Mubarak ya ce to, ya yi godiya, ya tambayi inda gidan mai unguwar yake. Mika'ilu ya kwatanta masa. Da suka tafi sai ya zauna a kan saiwar bishiyar ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo, yana jira rana ta ɗan yi sanyi kafin ya kama hanyar gida.